Yadda Ake Gano Dalilin Lattin Agogon Hannu Mai Batir, da Yadda Ake Gyara Shi

A nan Kumasi, idan agogon hannu ya fara latti, abin da yawancinmu muka saba yi shi ne mu ratsa ta Adum ko Kejetia mu miƙa wa mai teburin agogo ya sa masa sabon batir, mu biya, mu ɗaura, mu kama gabanmu. Sau da yawa hakan yana wadatarwa. Amma akwai agogon da za a canza wa batir sau uku cikin wata biyu, ya ci gaba da ja da baya kamar ba a taɓa shi ba, har mai shi ya gaji ya jefa shi cikin durowa. Irin wannan agogon ne za mu bi a hankali, tun daga lura da halinsa kafin a buɗe shi har zuwa mayar da murfi.

Sai an san yadda yake ƙirga lokaci kafin a san inda lokacin yake zubewa. A cikin injinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutse na ma'adinin kwats, an yanka shi da yatsu biyu, an rufe shi cikin siririn gwangwani mai launin azurfa. Idan wutar batir ta ratsa shi, yakan yi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. Allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel, yana raba wannan adadi biyu, ya sake raba abin da ya samu biyu, har sau 15, sai bugu ɗaya tak ya rage a kowane sakan. Bugun yana shiga kwayil, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe, kwayil ya tura wani ɗan maganaɗisu mai juyawa da ake kira rota, wanda bai fi ƙwayar gero ba. Rota ya yi rabin juyi, giyoyi su karɓa, hannun sakan ya yi taku ɗaya. Kamfanin Seiko ne ya fara sayar da agogon hannu mai aiki da dutsen kwats, mai suna Astron, a Tokyo ranar 25 ga Disamba 1969, kuma har yau ƙirgar karkarwar wannan dutse ce ginshiƙin kusan kowane agogo mai batir.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, agogo mai batir ba ya rage gudu irin yadda tsohon agogo mai sifirin, wanda ake murɗa wa maɓallin gefe kowace safiya, yake yi. Injin Miyota 2035, wanda ke cikin ɗimbin agogunan da ake sayarwa a kasuwanninmu, kuskuren da aka yarje masa bai wuce sakan 20 a wata ba. Zafi ma, wanda ake yawan ɗora wa laifi a watannin Fabrairu da Maris, ba shi da wannan ƙarfin: dutsen ya fi daidaita a wajen digiri 25, kuma idan yanayi ya kauce da digiri 10 sama ko ƙasa, lattin da zai jawo kimanin sakan 9 ne a wata guda. Saboda haka agogon da yake rasa minti biyar a rana ba a hankali yake tafiya ba. Taku 300 ne yake tsallakewa daga cikin taku 86,400 da ya kamata ya yi, ko kuma injin yana yin takun amma hannayen ba sa bin sa. Aikin mai gyara shi ne ya gano a ina takun ke ɓacewa, kuma a wane lokaci.

Kwana uku na lura, kafin a taɓa murfi

Ka ja kan agogon, wato ɗan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi, daidai lokacin da hannun sakan ya hau 12, domin a mafi yawan injuna hakan yana tsayar da shi. Ka saita minti da agogon wayar da ke ɗaukar lokaci daga kamfanin sadarwa, ka tura kan ciki daidai da shigar sabon minti. Gana tana kan lokacin GMT duk shekara, don haka babu lissafin ƙari ko ragi. Daga nan ka riƙa rubuta bambancin a takarda sau uku a rana, da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya, kana duba hannun sakan daban da hannun minti daban. Ka rubuta kuma ko agogon yana hannunka ne ko a ajiye yake, da inda ka ajiye shi.

Wannan takarda takan yi rabin aikin. Idan hannun sakan yana tsalle biyu-biyu ko huɗu-huɗu, agogon da kansa ne yake sanar da kai cewa batir ya kusa ƙarewa, domin an gina wasu injuna da wannan alamar. Idan hannun sakan yana nan daidai da waya amma hannun minti ya ja da baya, to lantarki lafiyarsa ƙalau, matsalar tana hannayen ko ɗan bututun da ke ɗauke da hannun minti. Idan agogon yana maƙalewa a wuri ɗaya a fuskarsa, wani hannu yana gogar wani, ko yana gogar gilashi. Idan sai yana hannu yake latti, a zargi batir mai rawa a mazauninsa, ko bakin hannun kaftani mai maƙalo kan agogon yana ɗan jawo shi waje. Idan kuwa da dare kawai yake latti, masu laifin uku ne: batir ko man giyoyi da suka yi rauni, waɗanda ɗumin jiki ke taimakawa da rana, nauyin juya kwanan wata, wanda ke faruwa wajen tsakar dare, sai kuma maganaɗisu.

Na ƙarshen nan na gan shi da idona. Ladanin ƙaramin masallacinmu a Aboabo ya taɓa kawo mini agogonsa a ƙulle cikin hankici, ya ce, "Ɗana, agogon nan da rana yaron kirki ne, da dare kuwa sai ya tafi yawo." An canza masa batir sau biyu, amma kowace asuba sai ya same shi a baya, wata rana da minti goma, wata rana fiye da rabin awa. Na auna batirin na ga sabo ne fil. Na ce, "Baba, a ina kuke ajiye shi idan za ku kwanta?" Ya ce a kan rediyo, domin nan hannunsa ya fi saurin kaiwa cikin duhu. Rediyon kwance yake, agogon kuma a kan ragar lasifika, inda maganaɗisun cikinta yake riƙe rota yana hana shi juyawa. Ko sukuru ɗaya ban kwance ba. Ƙusa aka kafa masa a bango. Rigar waya mai murfin maganaɗisu da maɓallin jakar hannu ta mata su ma suna yin wannan aikin. Da zarar an nisanta agogon yakan ci gaba da tafiya, kuma kada a sa shi a na'urar cire maganaɗisu da ake amfani da ita ga agoguna masu sifirin, domin shi rota sai da maganaɗisunsa yake aiki.

Buɗewa da duba batir

Ka shimfiɗa farin ƙyalle marar gashi a kan tebur, ka kashe fanka, ka rufe taga, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Kana buƙatar wuƙar buɗe murfi, da ƙananan sukundireba, da hantsakin ƙarfe da na roba, da madubin ido mai ƙara girma, da famfon roba mai hura iska, da tsinken sakace, da mitar awon wuta. Ka goge dattin da ya taru a gefen murfin tukuna, domin gumi da ƙura da suka daskare a wurin su ne farkon abin da ke faɗawa ciki. Murfi mai ɗan leɓe a gefe ɓantare shi ake yi da wuƙa, mai tsaga-tsaga a kewaye murɗe shi ake yi zuwa hagu da maɓuɗinsa, mai ƙananan sukurori kuma kwance su ake yi. Idan kana ɓantarewa, ka riƙe wuƙar kusa da bakinta, ka tura ta gefe, ba ciki ba. Wuƙar da ta zame ta faɗa kan kwayil ita ce ta fi kashe agoguna a hannun masu koyo, domin wayar ta fi gashin kai siranta, kuma ƙarzane ɗaya ya isa ya tsinke ta.

Da ka buɗe, ka ɗauki hoton cikin da waya, sannan ka duba da madubi kafin ka taɓa komai. Farin gari ko kore a kewayen batir alamar yoyo ce. Jan tsatsa a kan sandar saiti, wato siririyar sandar da kan agogon ke jikinta, ko raɓa a cikin murfi alamar ruwa ya shiga ne. Ka ciro batirin da hantsakin roba, domin na ƙarfe yana haɗa fuskokinsa biyu ya zuƙe masa wuta, ka karanta lambar da ke bayansa.

A nan ne ake yawan cutar mutane ba tare da mai sayarwa ma ya sani ba. Batirin da aka yi domin agogo mai hannaye shi ne mai sinadarin azurfa, wanda lambarsa ke farawa da SR, kuma yana ba da volt 1.55. SR626SW shi ne 377, SR621SW shi ne 364, SR920SW shi ne 371. Akwai kuma mai araha da ake sayarwa jere a kan kwali, mai lambar LR626 ko AG4, wanda girmansa ɗaya da 377 kuma yana shiga daram, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Na azurfa yana riƙe ƙarfinsa kusan a tsaye har ya kusa mutuwa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Na arahan kuwa tun daga farko yake sauka a hankali, har ya kai inda ƙarfinsa ke isa ya motsa dutsen kwats amma ba kullum yake isa ya tura rota ba. Sai agogo ya riƙa yin taku tara ya tsallake na goma, wanda shi ne ainihin lattin da muke magana a kai. Batirin arahan kuma ya fi saurin yoyo. A ganina rarar kuɗin da ke tsakaninsu ba ta kai a sayi wannan wahalar ba.

Ka sa mita a ma'aunin volt na wutar batir, jan tsinke a bayan batir mai alamar ƙari, baƙi a ɗaya fuskar. Sabon batirin azurfa yakan nuna 1.55 ko ɗan sama da haka. Wanda ya sauka ƙasa da 1.5 ka canza shi, ko da agogon yana tafiya. Ka lura kuma da kauri: 377 da 364 faɗinsu ɗaya, milimita 6.8, amma kaurin na farko 2.6 ne, na biyu 2.1, don haka idan aka sa 364 a mazaunin 377 zai riƙa rawa, wuta tana ɗaukewa tana dawowa duk lokacin da ka girgiza hannu. Agogon da aka rubuta wa Eco-Drive, ko Solar, ko Kinetic, batirinsa mai caji ne, kuma ba a sa masa batir na yau da kullum ko kaɗan. A fara ba shi haske, ko motsi idan Kinetic ne, kafin a zargi wani abu.

Kafin ka sa sabon batir, ka tsoma bakin tsinken sakace a sifirit ka kankare ƙarafan da ke taɓa batirin, na ƙasa da na gefe, har su yi ƙyalli. Ka tabbatar siririyar takardar roba da ke ƙarƙashin batir tana nan a wurinta, domin idan ta ɓata ko ta goce batir zai ƙare cikin 'yan kwanaki. Idan ƙarfen ƙasa ya kwanta, ka ɗaga shi kaɗan ƙwarai. Ka ɗaure sukurorin fanel ba tare da matsawa da ƙarfi ba, domin wasunsu hanyar wuta ce. Sannan ka ja kan agogon ka tura sau da yawa kana kallon ɗan ƙarfen da ke motsi tare da shi. Wannan ƙarfen ne ke tsayar da injin idan an ja kan, kuma idan tsatsa ta hana shi komawa wurinsa sosai, agogo zai riƙa tsayawa yana tashi da kansa.

Lantarki ne ko giya?

Idan batir sabo ne kuma har yanzu akwai matsala, ka kalli hannun sakan da madubi. Idan yana karkarwa a wuri ɗaya, ya yunƙura gaba ya dawo, bugu yana zuwa ke nan, wani abu ne ya tare giyoyi. Idan ko motsi ba ya yi, a auna lantarki. Da batir a ciki, ka ɗora tsinkayen mita mai allura, a mafi ƙanƙantar ma'auninta, a kan mahaɗan kwayil guda biyu da ke jikin fanel, ba a kan wayar kanta ba. Lafiyayyen fanel zai sa allurar ta harba sau ɗaya a kowane sakan, wannan karon dama, na gaba hagu. Idan babu harbi, ko yana zuwa yana ɗaukewa, fanel ko dutsen ya lalace, galibi saboda faɗuwa ƙasa ko shigar ruwa. Sannan ka cire batir, ka raba kwayil da fanel, ka auna shi a ma'aunin om. A yawancin injuna za ka samu tsakanin om dubu ɗaya da dubu uku. Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke, kuma ba a ɗinke ta, sai dai a canza.

Akwai latti ɗaya da dutsen kansa ke jawowa: wanda yake daidai-wa-daida kowace rana, sakan biyu ko uku, dare da rana, a hannu ko a ajiye. Tsofaffin injuna suna da ɗan sukurun daidaitawa a jikin fanel, amma na yanzu tun a masana'anta ake daidaita su, don haka maganinsa sabon fanel ko sabon inji.

Hannaye da giyoyi

Domin a kai ga hannaye sai an fitar da injin daga gidansa. Kusa da inda sandar saiti ta shiga akwai ɗan rami ko ƙarfe, sau da yawa da alamar kibiya. Ka danna shi a hankali da bakin hantsaki kana jan kan agogon waje. Dannawa da ƙarfi tana gotar da kayan saiti, wanda gyaransa sai an cire fuskar agogon, a nan ne garin neman gira ake rasa ido. Ka cire zoben robar da ke riƙe injin, ka kifa agogon a tafin hannunka.

Ka mayar da sandar, ka ɗaga injin daidai idonka ka kalle shi ta gefe kana juya hannayen zagaye cikakke na awa 12. Hannaye ukun su kasance a kwance, kowanne da rata tsakaninsa da ɗan'uwansa, kada wani ya taɓa lambobin da ke fuskar. Ka duba cikin gilashin ma, domin hannun sakan mai gogarsa yakan bar siririn zane mai zagaye. Wanda ya lanƙwashe a miƙar da shi da tsinken sakace, wanda ya yi sako-sako a danna shi a tsakiya da abin danna hannu mai rami. Yayin juyawar ka ji nauyinta a yatsunka: idan kan agogon yana juyawa sakayau ba tare da wata turjiya ba, bututun hannun minti ya saki, shi ya sa sakan ke daidai minti yana baya. Idan agogon mai kwanan wata ne, ka juya har kwanan ya sauya, ka ga ko yana wucewa sumul ko yana tirjewa.

Sai rota. Da yake maganaɗisu ne, duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga agogon a jikinsa yake taruwa. Na sha buɗe inji in same shi da baƙin gemu na garin ƙarfe a tsaitsaye, wanda ba a gani sai da madubi, kuma ƙwaya ɗaya daga ciki ta isa ta tokare shi lokaci-lokaci. Idan injin mai sukurori ne, ka cire batir da fanel da kwayil, ka kwance gadar da ta danne giyoyi, ka sake ɗaukar hoto, ka jera giyoyin a kan ƙyalle bisa tsarin da ka ciro su. Giyoyin ƙarfe a wanke su da man wankin agogo ko man leta, a bushe da famfon iska, ba da baki ba, saboda numfashi yana da laima. Na roba kada su jima a ciki. Rota kuwa a dangwala shi da ƙullun nan mai danƙo da ake kira Rodico har ya fita tas. Wajen mayarwa, ka ɗora gadar ba tare da dannawa ba, ka riƙa taɓa kowace giya da tsinke har bakinta ya faɗa raminsa, sannan ka ɗaure.

Mai kuwa, kaɗan ne ƙwarai: ɗigon da ido ba ya gani sai da madubi, a ramin da bakin kowace giya ke juyawa, da mai na musamman irin Moebius 9000. Ba a sa wa haƙoran giya. Man keken ɗinki ko man feshi da ake kwance noti da shi yakan sa agogo ya tashi a ranar, bayan 'yan makonni ya kama ƙura ya zama danƙo, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Maigidan da ya koya mini aikin yakan ce kada a ɓata yini guda a kan injin da sabonsa ke cikin kwalba. Injuna masu araha da yawa ba a yi su domin a kwance ba, an liƙe gadarsu da narkakkiyar roba. Idan yoyon batir ya ci fanel, ko tsatsa ta kama giyoyi, ko bututun minti ya saki a irin wannan injin, ka karanta lambar da ke jikinsa, kamar Miyota 2035, ko PC21, ko Ronda 515, ka nemi irinsa sak wurin masu sayar da kayan agogo. Ka cire hannaye da abin ciro su bayan ka rufe fuskar da 'yar leda, ka saki ƙafafun fuskar, ka ɗora ta a kan sabon injin. Idan mai kwanan wata ne, ka juya har kwanan ya faɗa, ka tsaya nan, ka dasa hannun awa da na minti a kan 12. Sabuwar sanda takan zo da tsawo, sai an rage ta kaɗan-kaɗan ana gwadawa, ko kuma a yi amfani da tsohuwar idan ba ta yi tsatsa ba.

Rufewa

Kafin ka mayar da murfi, ka ciro siririn zoben robar da ke kewaye da shi ka duba. Wanda ya bushe, ko ya baje, ko ya tsage, a canza shi, lafiyayye kuma a shafa masa man silikon. A wurinmu wannan zoben ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci, domin ga laimar Kumasi da damina biyu a shekara, ga gumi, ga alwala sau biyar a rana inda ruwa ke gangarowa daidai wuyan hannu. Agogon da aka rubuta wa mita 30 ko 3 ATM fantsamar ruwa kawai yake jurewa, shi ma sai robarsa tana da rai, don haka gara a cire shi a sa a aljihu kafin a ɗauki buta. Murfi mai ɓantarewa yana da ɗan gurbi da ya kamata ya zo daidai kan sandar saiti. Ka daidaita shi, ka danna da manyan yatsu ta gefe-gefe, ba ta tsakiyar gilashi ba.

Ka sake saita agogon da waya kamar farko, ka ɗauko sabuwar takarda. Kwana ɗaya ya kwana fuska sama, kwana ɗaya fuska ƙasa, sauran kwanakin mako a hannu, kana rubutawa da asuba da dare. Idan bayan kwana bakwai bambancin bai wuce sakan huɗu ko biyar ba, ka rubuta ranar da ka sa batir da lambarsa a cikin murfin baya da siririn alƙalami a buɗewa ta gaba, ko ka ajiye su a wayarka tun yanzu, domin batirin azurfa a inji irin Miyota 2035 kimanin shekara uku yake yi, kuma ya kamata a ciro shi kafin ya mutu ya fara yoyo a ciki.